Ɗigo Uku a Jikin Gwaggo

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai yayana, Malam Idrisu, makwancinsa a nan Azare. Kowace shekara idan wannan mako ya zagayo nakan yi masa addu'a, in ziyarci iyalinsa, in yi shiru. Bana shirun ba zai yiwu ba. Akwai wani mutum mai rai da na ɓata wa suna a garin nan da sunan kare amanar marigayin, kuma ban ga hanyar gyarawa ba sai in faɗi abin da marigayin ya ɓoye.

Motarsa tana ƙofar gidana a yanzu da nake wannan rubutu. Doguwa ce, fara, ƙirar Faransa, irin waɗanda manyan ma'aikata suka riƙa hawa muna 'yan makaranta. 'Ya'yan gidanmu ne suka raɗa mata Gwaggo, sunan kuma ya bi ta. Daga waje tana nan yadda ya bar ta, har da lotsawar da wani bijimi ya yi mata a ƙofar baya. Idan aka ɗaga marfin inji kuwa, wata mota ce daban. Tun bara nake tambayar kaina abin da zai ce da zai leƙa ciki. Da farko na ɗauka na san amsar.

Malam malamin dabbobi ne. Ya shafe rayuwar aikinsa yana zagaya rugage, daga Gadau zuwa Itas, daga Disina zuwa fadamun Katagum, yana yi wa shanu allura. A aikinsu, saniyar da aka yi wa allura ana yi mata shaida a kunne, don kada makiyayi ya ce an yi alhali ba a yi ba, ko ma'aikaci ya rubuta garken da bai taɓa gani ba. Wannan ɗabi'a ta bi shi har gida. Idan aka ce masa ya cika zargi, sai ya ce, "Ni ban ce kowa ɓarawo ne ba. Na dai ce a nuna min kunnen saniyar."

Da ya sami Gwaggo, sai ya sa maƙeri ya fiƙe masa wata ƙatuwar ƙusa. Da ita da ƙaramar guduma ya bi kayan motar ɗaya bayan ɗaya, ya buga wa kowanne ɗigo uku a wurin da ido ba ya saurin kaiwa: kafireta, famfon mai, lagireto, kan inji, har da jak. Ni na riƙe masa tocila a rana ta biyu, domin ko da tsakar rana ƙarƙashin mota duhu ne. Dalilinsa sananne ne ga duk mai tsohuwar mota. Ka kai gyara, a cire maka na asali mai ƙwari, a sa maka mai araha, a wanke shi da fetur ya yi ƙyalli, ka biya ka yi godiya. Malam ya ce shi dai ba za a yi masa haka ba.

Makanikinsa ɗaya ne tak, Oga Bitrus. Mutumin kudancin Bauchi ne, ya zo Azare yana saurayi, a nan ya yi aure, a nan ya yi furfura. Garejinsa na bayan tasha, kuma kusan duk tsofaffin ma'aikatan garin wurinsa suke kai mota. Ba shi da dangi a nan, ba shi da gona. Abin da ya riƙe shi a garin shi ne an san idan ka bar masa mota da kuɗi a ciki za ka dawo ka tarar da su. Duk da haka Malam bai taɓa barin masa Gwaggo ya tafi ba, a iya saninmu. Akwai wani benci da yake zama a kai tun daga ɗaga marfin inji har rufe shi.

"Ɓarawon filogi, an tashi lafiya?" in ji Malam idan ya iso.

"Likitan shanu, lafiya lau. Ga bencinka, zauna ka tsare ni."

Bayan La'asar kuma, a majalisarsu ta gindin darbejiya, hirar Gwaggo ba ta ƙarewa. Abokansa sun sayar da nasu tsofaffin sun sayi 'yan Kwatano, shi ya ƙi. Yakan bugi jikinta da tafin hannu ya ce, "Yadda Bature ya ɗaura ta haka take. Ban da taya da batir da filogi, ko noti ba a canza ba." Alhaji Sabo, babban amininsa kuma babban mai musu da shi, ya sha cewa ba zai yiwu ba. Malam sai ya ce a kawo tocila. Ba wanda ya taɓa kawowa.

Da aka raba gado motar ta faɗo hannuna. Shekara biyar na yi ina lallaɓa ta. Da safe sai an tura. In ta yi zafi sai a tsaya a jira. Birkinta sai ka fara taka shi tun kana hango abin da za ka tsaya dominsa. Na jure, domin a ganina taɓa cikinta cin amanar mai ita ne.

Abin da ya karya min gwiwa ya faru ne da daminar bara waccan. Mahaifiyar Hajiya Asabe, matar marigayin, tana Katagum, ta tsufa sosai, kuma ni nake kai Hajiya duba ta duk mako biyu. Ran nan an yi waya an ce jikin ya tsananta. Mun yi nisa, aka tsuge da ruwa, muka shiga wani kwari, Gwaggo ta yi tari biyu ta mutu. Muna zaune a ciki fiye da sa'a biyu har wasu makiyaya suka zo wucewa suka tura mu kan tudu. Wani dattijo a cikinsu ya zagaya motar, ya duba lotsawar nan ta baya, ya ce, "Wannan ba ta Likita ba ce?"

"Ita ce, Baffa," in ji Hajiya. "Likitan ne babu."

Mun isa mun tarar da tsohuwar ta farfaɗo, alhamdu lillahi. A hanyar dawowa Hajiya ta dube ni. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanin miji, kuma ba ta taɓa raga min ba. Ta ce, "Malam Ƙarami, ko dai ka gyara tsohuwar nan ko ka kai ta gidan tarihi. Ni ba zan rasa ganin uwata saboda kafireta ba."

Oga Bitrus bai yi mamakin zuwana ba. Ya ce jikinta lafiya lau, ƙarfen da ne, ba ruɓa a ƙasa. Cikin ne ya gaji. Shawararsa ita ce a sauke injin gaba ɗaya, a ɗora na hannu ɗan Kwatano mai injakta, wanda ke auna mansa da kansa ba sai an yi ta murɗa kafireta ba. A sa sabon lagireto mai fankar lantarki, a canza birkin gaba, a zare tsofaffin wayoyi duka a sa sababbi, in ina so a haɗa da esi saboda Hajiya. Mazaunin injin sai an yanke an yi walda, giya kuma sai an yi dabarar haɗa ta da sabon. Ya ce in aka yi haka za ta tashi da safe da murɗa makulli ɗaya, ta je Kano ta dawo.

Ya faɗi duk wannan a tsaye, ba tare da ya tsaya tunani ba, kamar wanda ya daɗe da shirya jawabin. Nan zargina ya fara. Ga kuma wani abu. Watanni kafin nan wani dillali daga Kano ya zo har gida yana neman in sayar masa da Gwaggo, ya ce masu sha'awar tsofaffin motoci suna neman kayan asali ido rufe. Na ƙi. To, a mako na biyu da fara aikin na biya garejin na tarar da wannan dillalin zaune a kan bencin Malam yana shan shayi. Ya gaishe ni da fara'a. Har yau ban san abin da ya kai shi ba.

Sharaɗi ɗaya na gindaya: duk abin da aka cire a zuba a buhu a kawo min gida. Ni ban zauna a benci ba, ina da wurin aiki. Na dogara da ɗigo uku.

Bayan mako biyar Gwaggo ta dawo. Dole in faɗi gaskiya, aikin ya yi kyau. Murɗa makulli ɗaya ta tashi, da wata ƙara siririya da ban san ta da ita ba. A ranar aka sauke min tsohon inji da buhu huɗu a zaure. Washegari da hantsi na shimfiɗa leda, na zazzage su, na ɗauko fetur da tsumma. Na fara da kafireta, domin na tuna daidai inda Malam ya buga mata, a gindi ta gefen hagu. Na goge. Babu komai. Na ɗauko famfon mai, babu. Lagireto, babu. Na kankare kan inji da wuƙa har hannuna ya yi baƙi, babu. A cikin buhu huɗu, wasu ƙananan ƙarafa ne kawai ke ɗauke da shaidar.

Da na tashi a lokacin na tafi gareji na tambaya, da wannan rubutu bai zama dole ba. Majalisa na tafi. Ban ce Oga Bitrus ya yi sata ba, na fi haka wayo, ko in ce na fi haka rashin gaskiya. Tambaya na yi. Na ce wai shin ɗigon da aka buga da ƙusa a jikin ƙarfe yana gogewa da kansa? Na kuma ambaci dillalin Kano da kofin shayinsa, kamar abin ya zo min ne a zance. Alhaji Sabo ya ajiye carbinsa ya ce, "Bitrus?" Na ce ni ban kama suna ba.

Cikin mako biyu Alhaji Sabo ya ɗauke motarsa daga garejin da gyara bai ƙare ba. Wani tsohon shugaban makaranta ya bi sahu. Sai na ji maganar a bakin mai sayar da mai a tasha, ta dawo min da ƙari: wai an kwashe kayan motar mamaci an loda a motar Kano. A gari kamar Azare, mutumin da ba shi da dangi a nan ba ya buƙatar a kai shi kotu. Ya isa a daina tsayawa a ƙofarsa.

Oga Bitrus ne ya aiko a kira ni. Na tarar da shi shi kaɗai, filin da a da ba a samun wurin ajiye mota ya zama fayau. Bai miƙa min benci ba.

"Malam Ƙarami, an ce kana neman kaya."

"Shaida nake nema, Oga Bitrus. Ɗigo uku."

"Abin da na cire a motar nan shi na zuba maka a buhu. Ko wosha ban rage ba."

"To ina shaidar ta tafi?"

Ya ɗauki sifana ya goge, ya mayar da ita inda take. Ya ce, "Wannan sai ka tambayi mai shaidar."

"Mai shaidar yana kabari."

"Na sani. Ina wurin da aka binne shi, daga bakin katanga na tsaya." Ya sake ɗaukar sifanar. "Ba ni da abin da zan ƙara."

Na fito na ƙara tabbata. A wurina, mutumin da ake zargi ya ƙi kare kansa ya gama amsa laifi.

Hajiya Asabe ce ta ji labarin daga matan unguwa. Ta sa aka kira ni, na tarar da ita a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ba ta amsa gaisuwata da kyau ba. Ta ce, "An ce ka zama alƙali, har ka yanke hukunci a gindin darbejiya." Na fara bayani. Ta kwance wani makulli daga bakin zaninta, ta jefo min. "Je ka ɗakin bayan turken tumaki. Ka ɗaga akwatunan allurar nan nasa. In ka gama gani ka dawo ka gaishe ni."

Ɗakin ajiya ne da ba wanda ya shiga tun rasuwar. A ƙarƙashin tsofaffin akwatunan da yake ɗaukar maganin rigakafi a ciki, akwai ƙunshi-ƙunshi a buhunan taki, kowanne an shafe shi da baƙin mai an ɗaure da igiya. Na kwance na farko. Kafireta ce. Na juya gindinta ta gefen hagu, ga ɗigo uku. Na biyu famfon mai. A jingine da bango ga lagireto, ya huje a wuri biyu. Can lungu ga kan inji, da tsaga a jikinsa wadda yatsa zai iya bi. Duk da shaidarsu.

Na dawo na gaishe ta. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta tana ba ni labari. Kayan asalin sun mutu ɗaya bayan ɗaya tun shekaru da yawa kafin shi ya mutu. Duk lokacin da ɗaya ya mutu, sai Malam ya ce wa majalisa zai tafi rangadin kwana biyu Disina. Sai ya kai Gwaggo cikin gidan Oga Bitrus, ba gareji ba, a rufe ƙofa, a canza abin, shi kuma ya hau motar haya ya tafi rangadin nasa. Wato ya sha barin masa ita kwana biyu cur, ba benci, ba tsaro. Sababbin kayan ya ƙi buga musu ɗigo, ya ce ba zai sa shaidarsa a kan abin da ba na asali ba. Ya kuma sa Oga Bitrus ya yi masa alkawarin maganar ba za ta fita ba, musamman kada Alhaji Sabo ya ji.

Na ce, "Hajiya, kin san duk wannan kika bar ni shekara biyar ina tura mota don kada in taɓa kayan asali?"

Ta ce, "Ka tambaye ni? Ku 'yan gidan nan ba ku tambaya, bincike kuke yi."

Na koma gareji da kafiretar a leda. Oga Bitrus ya dube ta ya kau da kai. Na ba shi haƙuri, na ce zan je majalisa in warware. Ya ce kada in je. Ya ce masu mota za su dawo in sun gaji da wahala a wani wurin, amma Malam ba zai dawo ya kare kansa ba, kuma shekara talatin yana riƙe da maganar nan, bai ga dalilin da za a zubar da ita saboda mota biyu ba. Na kwana biyu ina juya abin. A gefe ɗaya ga yayana, wanda ya biya min kuɗin makaranta, da ɗan alfaharinsa da bai cuci kowa da shi ba. A ɗaya gefen ga mutumin da ke buɗe gareji da safe ya zauna yana kallon hanya. Na ga cewa marigayi ba abin da dariyar majalisa za ta rage masa, mai rai kuwa abincinsa ake magana.

Na je majalisa na ajiye kafiretar a kan tabarma a gaban Alhaji Sabo, na nuna masa ɗigon, na faɗi inda na same ta da yadda aka yi. Ya ɗauka ya juya ta, ya daɗe yana kallo. Sai ya fara dariya, dariyar ta kai shi ga share ido da bakin rawani. Ya ce, "Na faɗa masa ba zai yiwu ba. Shekara nawa ina faɗa masa. Allah Ya jiƙan Idrisu, ashe rangadin Disina ke nan." Washegari ya mayar da motarsa. Shugaban makarantar bai mayar ba har yau, kuma maganar motar Kano tana nan tana yawo a bakin waɗanda ba su zauna a majalisar ba. Saboda su nake rubuta wannan. Oga Bitrus bai ɗauki komai ba. Ni ne na yi tambaya a inda bai kamata ba. Ya yi fushi da ni da na tona maganar, fushin da ya fi na zargin tsawo.

Me Malam zai ce da Gwaggo ta yau? A da na ɗauka zai ce an lalata ta. Yanzu ina jin zai zagaya ta sau biyu, ya saurari ƙarar, ya yarda a ransa cewa ta fi da. Abin da ba zai yarda da shi ba shi ne ƙaramin akwatin nan da ake kira ƙwaƙwalwar mota, wanda ke sarrafa sabon injin. Rufaffe ne, ba a buɗewa, in ya yi ciwo sai a jona masa na'ura ta faɗi laifinsa, kai kuma ka yarda da na'urar da mai riƙe da ita. Ba wurin buga ƙusa a jikinsa. Ni ma ban gama yarda da shi ba, kuma duk lokacin da aka jona na'urar nakan matsa kusa in leƙa, ko da yake ba na gane abin da take rubutawa.

Zarginsa na gada, wannan ba musu. Abin da ban gada ba shi ne sanin wanda za a zarga da wanda za a bar wa mota kwana biyu a tafi. Shi ya san bambancin, kuma bai buga masa ɗigo a ko'ina ba balle in gani. Ƙusar tana nan a aljihun gaban mota tare da takardu. Ban buga wa sabon injin komai ba. Watan jiya da na kai canjin baƙin mai, Oga Bitrus ya jawo bencin da ƙafa ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Zauna ka tsare ni." Na zauna.

Ranar Alhamis da ta wuce na kai Hajiya Katagum. An yi ruwa da asuba, kwarin nan ya cika, Gwaggo ta ratsa ko tari ba ta yi ba. Hajiya tana baya, esi na kaɗa mata mayafi. Da muka hau tudu ta bugi jikin ƙofar da tafin hannu, yadda Malam yake yi, ta ce, "Yadda Bature ya ɗaura ta haka take."

Allah Ya gafarta wa Malam Idrisu abin da ya faɗa a gindin darbejiya, ni ma Ya gafarta min nawa.